Tsohon Ɓera Ba Ya Faɗin Ciwonsa

"Jiya da daddare lafiyarsa ƙalau, har abinci ya karɓa a hannuna. Gari na wayewa na tarar da shi a sandare." Likitocin dabbobi sun saba jin wannan magana daga bakin masu kiwon ɓera, kuma yawanci wata takan biyo bayanta. Mai shi ya ɗauki gawar, ya ga wasu 'yan ƙwari suna yawo a saman gashin, sai ya yanke hukunci nan take cewa su ne suka kashe masa dabba. Ƙannena, a kan waɗannan maganganu biyu nake so mu zauna, domin kowacce tana da gaskiya a cikinta, amma gaskiyar ba ta cika ba.

Na san wasunku za su yi mamakin jin kiwon ɓera. A wajenmu ɓera maɓarnaci ne, mai huda buhu, mai cin littafi, mai kawo cuta. Amma a Ingila da Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai irin da aka daɗe ana kiwo a gida, har ya saba da hannun mutum. Tun zamanin Sarauniya Biktoriya akwai wani mai sana'ar kama ɓeraye a Landan, ana ce masa Jack Black, wanda in ya kama mai launi na daban yakan ajiye shi ya hayayyafa, ya sayar wa masu sha'awa. A 1901 wata mata mai suna Mary Douglas ta shigar da ɓerayenta gasar baje kolin dabbobi a Ingila, a 1976 kuma aka kafa ƙungiyar masu kiwonsu ta ƙasar. Dabba ce mai wayo, tana gane mai ita, tana amsa sunanta, tana kewar 'yan uwanta in an raba su.

Mu ma abin ya fara zuwa kusa da mu ta hanyoyi da dama. Akwai 'yanmu da ke karatu a waje suna zaune ɗaki ɗaya da masu kiwonsu. Akwai ɗaliban kimiyya da na likitancin dabbobi a jami'o'inmu, waɗanda farin ɓeran nan mai jan ido na gwaje-gwaje yake hannunsu makonni ko watanni, su ne abincinsa, su ne ruwansa. Akwai kuma ku da kuke da akurkin ɓeran Masar ko na zomo a bayan ɗaki, waɗanda kusan duk abin da zan faɗa ya shafe ku, duk da cewa dabbobin ba iri ɗaya ba ne. Batun ko ya dace Musulmi ya ajiye ɓera don sha'awa, wannan na malamai ne, ku tambaye su, domin hadisi ya ambaci ɓera cikin dabbobi masu cutarwa da aka yarda a kashe. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, duk ran da ka rufe a keji ya zama amana a wuyanka. Labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ta hana ta abinci, kowannenku ya ji shi tun yana makarantar allo.

Gargaɗi ɗaya kafin in shiga magana. Kada ɗayanku ya kama ɓeran gida ko na gona ya ce zai kiwata. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, a jikin irin waɗannan ɓerayen yake, yana fita ta fitsarinsu da kashinsu. Hatta na kiwon ba a rasa su da nasu: a farkon 2017 an sami mutane a jihohin Wiskonsin da Ilinoi na Amurka da suka kamu da wata ƙwayar cuta mai suna Seoul daga ɓerayen da suke kiwo. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba ko kejinta wajibi ne kullum.

Abu na farko da mai kiwo ya kamata ya riƙe shi ne gajartar kwanan wannan dabba. Ɓeran kiwo yakan yi shekara biyu zuwa uku. Wanda ya haura uku ya yi dogon kwana. Da ya kai shekara ɗaya da rabi ya fara gangarawa, a shekara biyu kuwa dattijo ne tukuf. Kai da ka same shi kana aji ɗaya a jami'a, kafin ka kai aji uku ya tsufa a hannunka, kai kuma a idonka har yanzu ɗan nan ne da ka kawo a kwali. Yawancin kuskure daga nan yake tasowa: ana ci gaba da kula da tsoho irin kulawar da ake yi wa matashi.

To, su wane ne ƙwarin? Mafi yawa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin mai kawo ƙazuwa, masana na kiransa Radfordia ensifera. Ido ba ya ganinsa sosai, aikinsa ake gani. Ɓeran zai yi ta susa da ƙafar baya, sai ka ga 'yan miyaku da ɓawonsu a kafaɗu da wuya da haɓa da gefen fuska. Mutane da yawa sukan ɗauka faɗa ne ya yi da ɗan uwansa, alhali faratansa ne suka yi masa. Sai ƙwarkwata, wadda ita ana ganinta, 'yar ja-ja ko ruwan ƙasa, ta fi zama a gadon baya da gindin wutsiya, ƙwayayenta kuma manne da gashi. Ƙwarkwatar ɓera ba ta zama a jikin mutum, ta mutum ma ba ta zama a nasa, don haka ba abin tashin hankali ba ne ta wannan fuskar. Amma jini take sha, kuma jinin ɓera kaɗan ne. Babban ɓera gaba ɗayan jinin jikinsa bai wuce cokalin cin abinci biyu ba. In ƙwarkwata ta yi masa yawa, ƙarancin jini na iya kama shi har kunnuwansa da tafin ƙafarsa su yi fari.

Na ukun ya fi su sharri, kuma ya fi son ƙasashe masu zafi irin namu. Sunansa Ornithonyssus bacoti. Shi ba ya zama a jikin dabbar. Yana ɓuya a shimfiɗar keji da tsagar katako da lungun bango, ya fito ya sha jini ya koma, kuma yakan yi makonni bai ci komai ba yana raye. Yana cizon mutane ma. In ka ga kai da ƙannenka kuna tashi da ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ƙugu tun da aka kawo keji ɗaki, ka tuhume shi. Ɓerayen rufi ne suke kawo shi, don haka kejin da ke kusa da inda suke wucewa ba ya rabuwa da shi. A cikin ɓeran kuma akwai tsutsotsi. 'Yan sirara na hanji da ake yawan samu ba su cika yin illa ba, amma akwai wata ƙaramar tsila, Hymenolepis nana, da take iya ramar da dabba, kuma tana kama mutum, musamman yara masu sa hannu a baki.

Yanzu ga abin da nake so ku fahimta da kyau. Ƙwarin gashin nan, ɓeraye da yawa suna ɗauke da su tun suna ƙanana ba tare da wata alama ba. Ɓera mai lafiya yana wuni yana gyara jikinsa, yana lasa, yana tsefewa da haƙora, 'yan uwansa suna taya shi inda bakinsa ba ya kaiwa, garkuwar jikinsa kuma tana danne su. Ranar da tsufa ya zo, bayansa ya sage, ƙafafun baya suka yi rauni, haƙora suka daina haɗuwa daidai, wata cuta ta ciki ta cinye ƙarfin garkuwar, sai ƙwarin su sami fili su hayayyafa. Shi ya sa in ka ga ɓerayenka uku a keji ɗaya, biyu sumul, tsohon shi kaɗai ya cika da miki, tambayar da ta dace ita ce me ya sami tsohon har ya kasa kare kansa. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwarin da ka gani a kan gawa kuma, dalilin fitowarsu shi ne jikin ya yi sanyi, suna neman wani mai ɗumi. Suna nan tun da daɗewa, kuma sau da yawa sun taimaka wajen raunana shi, amma ba kasafai su kaɗai suke kashewa ba.

Masu kashewar suna ciki. Na gaba-gaba shi ne ciwon huhu. Akwai wata ƙwayar cuta, Mycoplasma pulmonis, da kusan duk ɓeran kiwo yake ɗauke da ita a hanyar numfashinsa, yawanci daga uwa yake samunta. Tana cin huhu a hankali tsawon watanni, tana barin tabo da ƙuraje masu mugunya, zarnin fitsarin da ya taru a keji da ƙurar shimfiɗa kuma suna ƙara mata ƙarfi. Ɓeran zai iya rayuwa da ragowar huhu kaɗan yana ci yana wasa, har daren da ragowar ta kasa. Sai zuciya, wadda a ɓera take bugawa sama da sau 300 a minti ɗaya, in ta gaji ruwa ya taru a ƙirji. Sai ƙoda, wadda lalacewarta ta fi yawa a tsofaffin maza, alamarta yawan shan ruwa da yawan fitsari da rama. A tsofaffin mata kuwa an fi samun ƙari, ko dai a mama, wanda ake iya ji da hannu tun daga hammata har matsematsi, ko kuma a wani ɗan kulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Wannan na biyun yana da alama guda da ya kamata kowa ya sani: ɓeran da ya saba zama ya riƙe abinci da hannuwansa biyu sai ya kasa, ya riƙa tura abincin da baki a ƙasa, yana tangaɗi, yana dafa kai a bango. Shanyewar ɓarin jiki ma tana samunsu, ita kam tana iya zuwa babu sallama.

Tsohuwar katangar ƙasa in ta faɗi a daren ruwa, ba ruwan daren ne kaɗai ya kayar da ita ba, daminu da yawa sun ci gindinta. Haka yawancin mutuwar da muke kira ta farat ɗaya take a wajen waɗannan dabbobi. Abin da ya sa ba mu gani shi ne halittarsu. Ɓera abincin kyanwa ne da shaho da maciji, kuma a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Don haka yana ɓoye ciwo har iyakar ƙarfinsa. Zai taso ya tarye ka a bakin keji ko da numfashi yana yi masa wuya, ya karɓi abin da ka miƙa masa, ya je lungu ya ajiye bai ci ba.

Ko a hannun ƙwararru haka abin yake. Wataƙila kun ji labarin Magawa, gafiyar nan da ƙungiyar APOPO ta horar a Tanzaniya, aka kai ta Kambodiya tana sansano nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, har aka ba ta lambar zinariya a 2020. Gafiya ta fi ɓeran kiwo tsawon rai, ita ta kai shekara 8. Da ta mutu a watan Janairu na 2022, masu kula da ita sun bayyana cewa ta yi yawancin makon tana wasanta kamar kullum, sai a kwanakin ƙarshe ta rage kuzari, barci ya ƙaru, cin abinci ya ragu. Waɗannan 'yan alamu su ne duk sanarwar da irin wannan dabba take bayarwa, kuma mai kallo daga nesa ba zai gan su ba.

Saboda haka ido kaɗai bai isa ba, sai da hannu. Kullum ka ɗauki tsohon ɓeranka, ka shafa shi daga wuya zuwa wutsiya. In ƙashin baya ya fara tsini a ƙarƙashin yatsanka, ya rame, ko da gashi ya rufe. Ka buɗa gashin kafaɗa da na gindin wutsiya a cikin haske ka dubi fata. Ka kara ƙirjinsa a kunnenka: numfashin mai lafiya shiru ne, in ka ji ƙara ko gurnani ko wani ɗan tsuwa, huhu ne. Ka dubi cikinsa yana kwance, in gefunan suna shiga suna fita da ƙarfi, numfashi yake nema. Wanda ya buɗe baki yana jan iska kuwa, wannan ba na jiran gobe ba ne. Akwai kuma wani jan ruwa da yake fitowa a idonsu da hanci, wanda masu sabon kiwo sukan ɗauka jini ne. Wani sinadari ne daga bayan ido. Ɗan kaɗan bayan barci ba komai, amma in ya yi yawa har ya bushe ya ɓata hannuwansa, jikin yana cikin wahala.

Abin da na fi ba ku shawara a kai shi ne sikeli, irin ƙaramin nan na kicin mai nuna giram. Sau ɗaya a mako, rana ɗaya, ka ɗora shi a cikin roba ka rubuta. Ɓera mai giram 450 da ya koma 410 cikin makonni biyu ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin goma na jikinsa, kuma ido ba zai nuna maka ba. Takardar nan da kake rubutawa ta fi duk bayanin bakinka amfani ga likita.

Sai batun magani, inda nake jin tsoron hannun matasa fiye da ƙwarin kansu. Maganin ƙwarin jiki da aka fi amfani da shi shi ne ibamektin, wanda Satoshi Omura na Japan da William Campbell suka sami kyautar Nobel a kansa a 2015, kuma shi ne Mectizan da ake rabawa a ƙauyukanmu don cutar makanta ta bakin kogi. Magani ne mai albarka. Amma ku duba lissafi. Na allurar shanu da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi, mililita ɗaya ake yi wa kilo 50. Ɓera mai rabin kilo ke nan rabonsa kashi ɗaya cikin ɗari na mililita. Ɗigo guda daga bakin sirinji ya ninka haka sau da yawa, ga shi kuma tsoho ne mai raunin ƙoda da hanta. Wanda ya wuce kima zai fara rawar jiki, ya kasa tsayuwa, ya suma. Sai likitan dabbobi ya auna nauyi ya tsarma maganin. Zai kuma gaya maka a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu, har sau biyu ko uku, domin maganin ba ya kashe ƙwai. Duk mazauna kejin ake yi wa, har waɗanda ba sa susa. A zubar da shimfiɗa gaba ɗaya, a wanke keji da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, kayan katako da suka tsage kuma a rabu da su. A rage masa tsinin faratan baya don kada ya ci gaba da yaga fatarsa.

Fiya-fiya da Sniper da hodar ƙuma ta kaji, kada su kusanci kejin, kai har ɗakin da yake ma kada a fesa yana ciki. Ɓera ba ya iya amai, abin da ya lasa a gashinsa ya shiga ke nan. In ana sa shinkafar ɓera a gidanku, naka bai san ba don shi aka sa ba, kada ka sake shi yawo. Masu zomo, maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fifronil yana kashe zomo. Masu ɓeran Masar, kafson ampisilin da danginsa na fenisilin da kuke ɓarewa ku zuba a ruwa yana lalata musu hanji har su mutu, kuma nasu ƙwaron ƙazuwar yana da zafin da yake sa su faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya, a ɗauka wani abu ne daban.

Akwai kuma mai kisa guda da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne a ƙofarmu: zafi. Ɓera ba ya gumi irin namu, ta wutsiyarsa yake rage zafin jiki. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 26, in an haura 30 ya shiga haɗari. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yakan wuce 40. Tsohon ɓera mai rabin huhu a ɗakin kwano da rana tsaka, an ɗauke wuta, kai kana makaranta, ba ya buƙatar wata cuta kafin ya mutu. Ka sa kejin a wuri mafi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, inda iska ke ratsawa, ka ajiye masa fale-falen tayil ko kaskon ƙasa mai laima da zai kwanta a kai, ruwa kuma mazubi biyu ko da ɗaya zai kife. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gabar huhunsa. Garin katako na wajen masu injin yanka yana da ƙura, yana kuma iya zuwa da ƙwari. Yagaggiyar takarda ko tsohon ƙyalle mai tsabta da ake canzawa a kai a kai sun fi.

Tsoho yana son a sauƙaƙa masa. A sauko da abinci da ruwa ƙasa don kada sai ya hau. A jiƙa masa abincin ya yi laushi, a ƙara masa ɗan dafaffen ƙwai ko kunu marar sukari in yana ramewa. Inda ya kasa gyarawa a jikinsa, ka goge masa da tsumma mai ɗumi. Kada ka ware shi daga 'yan uwansa sai in suna cutar da shi, domin kaɗaici yana karya su. Sabon ɓeran da ka kawo kuwa, ya yi mako biyu ko uku a wani ɗaki daban kafin ya haɗu da su.

Duk da haka wata rana za ka zo ka tarar ya tafi, ko da ka yi duk abin da na lissafa. Na ga matasa suna cin kansu da zargi a kan haka, wasu kuma suna ɓoye hawayensu don kada a ce a kan ɓera suke kuka. Tausayi ba abin kunya ba ne, kuma dabbar da ta kai shekara biyu da rabi a hannunka ta ci kwanakinta. Abin da ya rage shi ne hakkin masu rai. Kada ka ɗauki gawar da hannu tsirara, ka sa leda. In kana son sanin dalili, musamman in wani ma ya fara nuna alama ko biyu sun mutu a jere, ka naɗe ta da kyau ka sa a cikin roba mai murfi da ƙanƙara a gefe, nesa da abinci, kada ta daskare, ka kai asibitin dabbobi a ranar. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, suna binciken gawar dabba. Mutuwar biyu ko uku cikin 'yan kwanaki ba tsufa ba ne, a nemi guba ko zafi ko cuta mai yaɗuwa. In binnewa za ka yi, ka zurfafa ramin yadda kare ko kyanwa ba za su tono ba. Sannan ka koma kan sauran a ranar: ka canza shimfiɗa, ka buɗa gashinsu ɗaya bayan ɗaya, ka saurari ƙirjinsu, ka ɗora kowanne a sikeli ka rubuta nauyinsa.